Maɗaurin Ƙarshe a Rigar Shah

"Ba za ka cire masa ba," in ji Shaukat Hanum, ta tare ƙofar ɗakin. "Sai dai ka bi ta kaina."

Kambiz, shugaban 'yan wasan unguwa, ya yi tsaki. Gobe Nauruz, bikin sabuwar shekarar Iran, za su fita dandalin Isfahan da shigar mutanen da, ga shi rigar Shah, sarkin wasan, tana jikin telan da ya ɗinka ta. Usta Nusrat ya ƙarar da rayuwarsa yana yi wa sarakunan wasa sutura, bai taɓa zura hannu a ko ɗaya ba. Sai yau, da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya roƙi maƙwabciyarsa Shaukat, mai taya shi ɗinki tun tana amarya, ta sa masa wannan ta jan alharini ya ji yadda take.

"Hanum, ki dubi Allah," in ji Kambiz. "Idan ya cika a cikinta, wa zai ƙara sa ta?"

A kunnen mara lafiyar ya faɗi haka! Shaukat ta ji kamar ta kife masa butar shayi a ka.

"Da ana sayar da kunya a kasuwa, da na sayo maka, Aga Kambiz."

"Ku daina mini ihu a ka," in ji Usta daga kan shimfiɗa, muryarsa a shaƙe. "Rigar ba ta ƙare ba. Saura maɗauri ɗaya a hammatar dama. Shah ba ya fita da riga a buɗe."

"Madalla! A cire, Hanum ta ɗinka," in ji Kambiz, har da murmushi.

"A jikina za ta ɗinka."

"Allah ya kiyaye!" in ji Shaukat. "Ba a yi wa mai rai ɗinki a jiki, Usta. Wannan aikin likkafani ne."

"To, ai mun kusa," ya ce, ya yi dariyar da ta ƙare da tari.

Haushi ya turnuƙe ta: haushin Kambiz, haushin tsohon, haushin ciwon da ya mai da shi ƙashi da fata. Amma ta gane dabarar. Muddin allura tana aiki, rigar tana jikinsa. Ta durƙusa, ta ɗaga masa hannu, ta shiga ɗinki a hankali kamar mai ƙirga gashi. Kambiz yana ta kai da komo a tsakar gida.

"Ƙanana, Shaukat," in ji Usta. "Ɗinkinki ya fara faɗi."

"Rufe mini baki, tsoho."

Ya kuwa rufe. Tana jin haƙarƙarinsa yana taɓa bayan yatsunta yana komawa, har ya koma bai dawo ba.

Kambiz ya leƙo, ya gani, ya ja da baya yana salati.

"Ki... ki bar ta kawai, Hanum. Za mu ari wata."

"Yanzu ba ka so?" Ta miƙe. "Zo ka ɗauka mana! Zo ka cire!"

Bai tsaya sa takalmi daidai ba. Ta ji ƙarar ƙofar gida, sai shiru. Ta koma ta zauna, ta shafe wa Usta idanu. Allurar tana nan rataye a hammatarsa, tana lilo a bakin jan zare.