Allura a Fatar Ciki

Bayan ɓari na uku da wata tela ta yi, kowa a gidan ya zama likita. Uwar miji ta ɗora laifin a kan keken ɗinki, yayar telar ta ce matakalar bene ce. Mijin, malamin lissafi, ya ce shi dai bai sani ba, aka ce ba shi da tausayi. Da telar ta sake samun ciki, mahaifiyarta, Inna, ta tare a ɗakinta, ta kwantar da ita, ta hana ta ko ɗaga buta.

Likitar asibiti ta zo da bayanin da bai gamsar da dangi ba, don babu wanda za a zarga. Gwajin jini, da aka yi aka sake, ya nuna wasu sinadaran garkuwar jiki masu dogon suna, antifosfolifid. Masu gadin jikin ne da kansu ke daskarar da jini a mabiyiya, har abinci ya daina isa ga ɗan tayi. Magani shi ne ƙaramar asfirin, da allurar tsinka jini kullum a fatar ciki. Yawan kwanciya kuma, in ji ta, gudan jini yake ƙarawa.

Washegari allurai suka ɓace daga kan tebur.

"Inna, ina alluraina?"

"Waɗanne?" Inna tana ninke zanen da ta riga ta ninke.

"Waɗanda kika ɓoye."

"Ke tela ce, kin san abin da allura ke yi wa yadi. Yaro na kwance a ciki, ki ɗauki tsini ki nufe shi?"

Mijin ya tsaya daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, ya ce tsawon allurar bai wuce farce ba.

"Gaya wa mijinki," in ji Inna, ba ta dube shi ba, "wanda ya sume ranar da aka ɗebi jininki ba ya sa baki a maganar allura."

Malam ya tuna yana da aji.

Telar ta tashi zaune a bakin gado. "Sau uku ina kwanciya yadda kuka ce, Inna. Sau uku ina dawowa in kwance ɗinkin rigunan da na yi masa. Wannan ki bar ni in gwada abin da ba mu gwada ba."

Inna ta daɗe tana kallon zanen. Can ta ɗaga matashin da take zaune a kai, ta zaro kwalin, amma ba ta miƙa ba.

"Nuna min wurin."

Telar ta ɗage riga, ta tsunkulo fatar gefen ciki, nesa da cibiya. Inna ta kara allurar da kaurin naman, ta auna, ta sake aunawa, kamar mai sayen yadi a hannun wanda ba ta yarda da shi ba.

"To. Ashe ɗurin abincin da nake miki ya yi rana."

Ta karɓi fatar ta riƙe da yatsu biyu, ta kau da kai wajen taga, bakinta na motsi.

"Kin gama?"

"Tun ɗazu, Inna."

Inna ba ta saki ba.