Zurfin Gonar Usaina

…to in ruwa ake nema, ledojin nan na mene ne? Usaina na tsaye a gindin kashu, a gonarta ta Kwandere, injin haƙa na girgiza ƙasa har cikin haƙoranta. Bohol kyauta, in ji Baballe, ƙanin mijinta marigayi. Kyauta! Baballen da ko wajen makoki sai ya cusa ragowar goro a aljihu…

Jar ƙasa ta fito, sun ƙulle a leda. Farar laka — leda. Baƙar tsakuwa mai ƙyalli — nan Ferdinand, ogan masu haƙar, ya juya mata baya yana murzawa a tafinsa. Me ya haɗa mai neman ruwa da tsakuwa?

Nasiha, 'yarta mai karatun duwatsu a jami'a, ta taɓa ɓare dafaffen ƙwai a gabanta. Wai haka duniya take: ɓawo a sama, nan muke zaune, ƙarƙashinsa dutse mai zafi na motsi a hankali, can ciki narkakken ƙarfe, cikin cikinsa kuma dunƙulalle. Har dariya ta yi ranar. Abu kan abu, kowanne ya rufa wa na ƙasansa asiri… haka Baballe yake, wallahi. Gaisuwa a sama, ciki sai Allah.

Ko ita ce mai mugun zato? Astagfirullah. Mutum ya kawo alheri… Amma ai ruwan ya fito! Tun Talata ya fito, da idonta ta gani, har ya kwanta tsakanin kunyoyin doya — injin bai tsaya ba. Da ta tambaya, Ferdinand ya ce, "Madam, wannan ba kyau. Mai kyau yana kasa."

Ƙasa har ina?

Tsoro take ji, gaskiya. Gonar nan ce cinsu, ita ce makarantar Nasiha. Jiya a waya yarinyar ta ce a doka ma'adinin da ke ƙarƙashi ba na mai gona ba ne, na gwamnati ne, wanda aka ba lasisi shi ke haƙa.

To nata ya tsaya a ina? Tsawo ta sani, faɗi ta sani, daga kashu zuwa rafi. Zurfi fa… Doya mafi girma da ta taɓa tonowa ba ta wuce kamu biyu ba. Iyakarta ke nan? Kamu biyu?

Ga babur ɗin Baballe can, ya goyo wani baƙo mai hular kwano irin ta masu haƙar ma'adini, Baballen yana ɗago mata hannu tun daga nesa — nata hannun kuma, kafin ta hana shi, ya riga ya ɗagu.