Suna Biyu a Takarda Ɗaya

Ranar Talata ce, cikin tsakiyar damina, an wayi gari da yayyafin da ba ya jiƙa riga sai a hankali. Usuman masunci ya goyo ƙanensa Mudassiru a babur daga bakin kogi zuwa cikin Bagudo, kwamfuta na ƙunshe cikin leda biyu a ƙirjin Mudassiru.

Mudassiru bai wuce aji uku na sakandare ba. Ya taɓa faci, ya taɓa dakon shinkafa a bakin iyaka, inda ya tsinci Faransancin kasuwa, babu inda ya yi wata shida. Sai da ya samu tsohuwar kwamfuta sannan ƙafarsa ta tsaya. Daga ɗakinsa yake yi wa mutanen da bai taɓa gani ba aikin ofis: ya amsa musu saƙonni, ya tsara musu ranakun ganawa, ya fassara musu abin da 'yan kasuwar Benin suka rubuto. Mutum uku yake yi wa aiki. Babbarsu, wata Hajiya mai odar atamfa a Abuja, ta ce ba ta ƙara hulɗa da shi sai ya yi rajista.

Arzika, mai shagon cike takardu, ya jera masa hanyoyin. Ko ya yi rajistar suna shi kaɗai, riba tasa, faɗuwa tasa. Ko tarayya da wani, kome nasu su biyu. Ko kamfani, mai zaman kansa daban da mai shi, amma da ɗawainiya duk shekara.

"To, ɗan boko ba boko, wace kaka so?" in ji Arzika. "Kai ɗai na?"

Tun a gida Mudassiru ya yanke shi kaɗai zai yi. Amma ga Usuman zaune a benci, wandonsa jiƙe har gwiwa, yana kallon injin buga takarda kamar zai cije shi. Wan da ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ta yaya ƙane zai buɗe baki gaban wansa ya ce ni kaɗai?

"Mu biyu na," in ji shi. "Sa sunan Yaya sama."

Usuman ya yi dariya. "Ni da ban san inda aka kunna wanga abu ba? In kihi na, kawo."

"Dangwala dai, Sarkin Ruwa," in ji Arzika. "Yau ka zama mai ofis."

Wata bakwai aiki na tafiya. Mudassiru ya sayi faranti mai ɗaukar hasken rana da batir. Usuman bai taɓa tambayar kome ba, sai dai in ya dawo daga kamun kifi ya leƙo ya ce, "Abokin tarayya, yau mi muka kama?"

Wata Asabar da hantsi iska ta kife kwalekwalen Usuman. Sai washegari aka samu gawarsa.

Bayan Batulu, matarsa, ta fita takaba, aka zauna rabon gado a zauren Malam Ibrahim Khalil. Ɗanmusa, wan Batulu, ya ƙetaro daga Benin don ya tsaya wa marayu uku. An lissafa taru, an lissafa babur. Sai Ɗanmusa ya zaro takardar rajista daga cikin kayan mamacin ya ajiye a tabarma.

Malam ya sa aka karanta masa, sannan ya juyo.

"Mudassiru, tarayya tana ƙarewa da mutuwar ɗaya. In da gaske ce, rabin abin da ke ɗakinka na magada ne, kuma kwamfuta ba ta tsaguwa biyu, sai a sayar. In kuwa kara ce kawai ka yi wa wanka, faɗi, ka rantse, Arzika ya shaida. Ba mai taɓa maka kome."

Gaskiyar tana bakin Mudassiru. Usuman bai sa ko allura a cikin aikin ba, Arzika ma ya gyara zama zai yi magana. Mudassiru ya dubi ƙofar zaure. Jannatu, babbar 'yar Usuman, tana tsaye da ƙanwarta a goye, sanye da hular saƙa ta babanta da ta rufe mata kunnuwa. Ya tuna watannin da ya yi yana koyon aikin nan ba ya kawo kome gida, tuwo kuma bai taɓa fasa zuwa ɗakinsa ba.

"Abokin tarayyata na, Malam."

"Ka san abin da kaka faɗi?"

"Na sani."

Arzika ya sunkuyar da kai. Ɗanmusa ma bai ɗago ba.

Wani malamin makaranta daga Kende ya sayi kayan. Rabon Mudassiru bai isa wata kwamfutar ba. Ya gwada ci gaba da waya, amma takardun Hajiya sun fi ƙarfinta. Ta yi masa ta'aziyya, ta jira mako biyu, ta ɗauki wani. Sauran biyun suka bi bayanta.

Ranar kasuwa ya koma bakin iyaka, inda masu dako ke jiran mota. Abin da ya tafi: kwamfuta ɗaya, faranti ɗaya da batirinsa, mutum uku da yake yi wa aiki, suna ɗaya da aka soke a rajista, da wa ɗaya.