Goruna Masu Jan Zare

Tun kafin rana ta take tsaka Auta ya san cewa wani abu ya lalace a jikinsa, sai dai bai san ko mene ne ba. Kwalta ta yi laushi har tana kama tafin takalminsa, iska kuwa kamar daga bakin tanderu take fitowa, amma duk wannan ya san da shi, ya kuma yi masa shiri. Abin da bai yi wa shiri ba shi ne tsokar sharaɓarsa ta hagu da ta soma motsi ita kaɗai, kamar an cusa ɓera a ƙarƙashin fata, da cikinsa da ya cika da ruwa yana ƙugi alhali ƙishirwa ba ta sake shi ba.

Tseren na kilomita ɗari ne, kuma da gangan ake yinsa a tsakiyar bazara. Sau biyu Auta yana shiga, sau biyu ana cire shi a wuri ɗaya, wato rumfar likita da ke bakin gada, inda hanya ke rabuwa da gari ta shiga fili fetal, babu bishiya babu rijiya. Wannan shi ne karo na uku kuma na ƙarshe, domin likitan ƙashi ya riga ya sa ranar da zai buɗe masa gwiwar dama, ya kuma gaya masa ba kwana-kwana cewa bayan aikin tafiya zai riƙa yi, gudu kam ya ƙare. Auta malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, ya haura arba'in, furfura ta fara cin gemunsa, amma a gidansu har gobe Auta ne, wanda ake tambaya ko ya ci abinci.

Dokar tseren ita ce kowane mai gudu sai da motar rakiya a bayansa, mai ɗauke da ruwansa da ƙanƙararsa. Auta ba shi da mota. Ta Yaya ce, babbar yayarsa wadda ta goya shi, ke binsa a hankali, mijinta na tuƙi, ita tana gefe da lema a cinya. Mijin Yaya mai sayar da tayoyi ne, mutum mai tumbi da raha, wanda tun asuba yake leƙo kai ta taga yana ba Auta shawarar ya tsaya a ƙara wa ƙafafunsa iska, ko kuwa a yi musu faci. Da farko Auta yana mayar masa da martani, yana kiransa direban hajiya. Yanzu ko ɗaga hannu ba ya iyawa.

A kan abu ɗaya ya ɗora begensa a bana. Ya yi karatu, ya tambayi waɗanda suka taɓa gamawa, ya gane cewa abin da ya kayar da shi a baya gishiri ne, wanda gumi ke wanke shi daga jiki har tsoka ta ƙi jin magana. Saboda haka jiya da yamma, a ɗakin girkin Yaya inda ya sauka don gidanta ya fi kusa da wurin tashi, ya jera goruna a kan tebur, ya auna gishiri da sukari da ƙaramin cokali, ya girgiza kowace, ya ɗaura wa masu haɗin jan zare a wuya don a bambanta su da na ruwa zalla. Ragowar gishirin ya ƙulla a ƙananan ledoji. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa, ba ta ce uffan ba, shi kuwa ya ɗauka shirun nata yarda ce.

Ya miƙa hannu baya ya ce a ba shi mai jan zare. Yaya ta miƙo ta taga. Ya kurɓa, ya ji salam, kamar yadda ya ji a duk waɗanda ya sha tun safe, ya sake gaya wa kansa cewa zafi ne ya kashe masa harshe. Ya ji haushin harshen, ya ji haushin ƙafar, ya ji haushin wani saurayi mai farar hula da ya wuce shi yana yi masa sannu Baba. Gine-ginen ƙarshen gari suka zo suka wuce: wurin wankin mota, shagon walda da aka rufe saboda rana, wani kare kwance a ƙarƙashin tirela ya zaro harshe. Da ya hango jar tutar rumfar likita, sai sharaɓar ta ɗaure tamau, cinyar dama ta bi sahu, ya ƙarasa bakin gadar yana jan ƙafa kamar mai ɗaurin talala.

Aka kwantar da shi a gadon tafi-da-gidanka. Likitar tsere, wata siririyar mace mai tabarau wadda rana ta gajiyar da ita, ta naɗa masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce jininsa ya sauka ƙasa sosai, ta tambaye shi abin da yake sha. Ya yi mata bayanin haɗinsa dalla-dalla, da ɗan alfaharin malami. Ta karɓi gorar da ke hannunsa, ta ɗiga a bayan hannunta, ta lasa.

"Malam, wannan ai ruwa ne kawai," in ji ta.

Auta ya juya kansa a hankali. Yaya tana tsaye a bakin rumfar, lema a buɗe, jaka a hammata, kuma ba ta kawar da ido ba. Mijinta ne ya shiga duban tayar motar wasu kamar an aike shi.

Ba ta jira an tambaye ta ba. Ta ce ita ta zubar, bayan ya kwanta, ta ɗauraye gorunan ta cika su da ruwa mai kyau, ta mayar da zaren yadda ta same shi. Ta ce da idonta ta ga abin da ya ɗura a ciki, cokali bayan cokali, abin da ko a tukunyar gidan biki ba a zubawa, kuma ba za ta zauna a mota tana miƙa wa ɗan'uwanta ajalinsa ta taga ba. Hawan jini a jininsu yake. Shi ya kwantar da mahaifinsu, ya shanye masa ɓarin jiki, ita ce ta yi jinyarsa har ya cika, ita ta san yadda ake juya babban mutum a kan gado. Tun daga lokacin gishiri bai sake shiga gidanta da daraja ba, kowa ya sani, shi ma Auta ya sani.

Likitar ta yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa wanda ya wuni yana zubar da gumi a rana lissafinsa daban ne da na mai zaune a gida. Yaya ta dube ta sama da ƙasa, ta ce likitoci ne dai suka ce a hana, yau kuma likita ce ke cewa a ba shi, to su fara shiryawa a tsakaninsu tukuna.

Auta ya yunƙura ya zauna. Shekara guda yana tashi kafin kiran salla yana zaga filin makaranta, yana gudu da rigar sanyi a cikin rana don jikinsa ya saba, ɗalibai suna leƙensa ta taga suna dariya. Duk wannan an tuttular da shi a magudanar ɗakin girki, an kuma ɗaura masa jan zare a kai don kada ya gane, kamar yaron da ake ɓoye wa magani a cikin shayi. Zaren nan ya fi komai ƙona masa rai. Ta zauna ta kwance, ta sake ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya, da haƙurin nan nata da kowa ke yabo.

"Ina ledojin?" ya tambaya.

"Suna jakata, kuma a nan za su zauna."

"Yaya, ba ni."

"Ba zan bayar ba, Auta. Na binne ɗaya, ya ishe ni."

A nan ne abin da ya daɗe a ƙasan zuciyarsa ya taso, ya fito da murya a kwance, ba ihu, kamar yana karanta darasi a aji.

"Kin hana Baba gishiri har ya mutu, bai kuma fasa mutuwa ba. Ni nake zama da shi in kin fita. Kuka yake yi a kan kwanon miyarki, yana roƙona in sato masa ko ɗan taɓawa ne. Ya ce gara mutuwar da abincinki. Ke kina ganin jinya kika yi, shi kuwa a kurkuku ya ƙare."

Mijin Yaya ya ce haba Auta, haba, a hankali, ba tare da ya ɗago ba. Yaya ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta buɗe jaka, ta ciro ledojin, ta watsa su a kan kwalta a gabansa, ta rufe lemarta, ta tafi mota ta shiga ta ja ƙofa.

Likitar ce ta tsince su. Ta haɗa masa a gora, ya sha a hankali kamar yadda ta umarta, aka ɗora masa ƙanƙara a wuya da hammata. Masu gudu suka riƙa zuwa suna wucewa, kowa da motarsa a baya, suna hawa gadar suna ɓacewa a cikin hasken da ke rawa a kan hanya. Can sai ya ji tsokar ta fara saki, kamar an kwance igiya. Ya miƙe, ya taka, ya ɗan yi tsalle. Likitar ta sake aunawa, ta ce ya dawo daidai, in ya ga zai iya ba ta hana shi ba. Bai taɓa tsayawa a bakin gadar nan da ƙafafu masu jin magana ba sai yau.

Alƙalin tsere, wani dattijo mai usur a wuya, ya tare shi a bakin igiyar da ake rufe hanyar gadar da ita. Ya ce saura kaɗan ya rufe wannan mashiga, kuma ba mai haye gadar nan sai da motarsa a bayansa, domin daga nan har ƙarshe babu inuwa babu ruwa, ba kuma zai ɗauki alhakin ran kowa ba. Ya tambaye shi ina motarsa.

Motar tana gefen hanya, injin a kashe. Mijin Yaya yana jingine da ita, makulli a hannu. Ya ce shi dai ƙafa ce tasa a kan totur, amma mota da mai ita, kuma shekarunsa a gidan nan sun koya masa inda iyakarsa take. Wannan karon ba wasa a muryarsa.

Auta ya zagaya ta gefenta ya ƙwanƙwasa gilashi. Ta sauke shi kaɗan, daidai faɗin yatsu. Idanunta sun yi ja, amma babu hawaye a fuskarta, gaba kawai take kallo.

"Ka ce ƙarya ka yi," ta ce. "Ka ce Baba bai faɗi haka ba. Ka faɗa, mu tafi, ni da hannuna zan riƙa haɗa maka."

Kalma uku ce ko huɗu, ya sani. Ya dubi gadar, ya dubi hanyar da ta miƙe bayanta fara fat, wadda ya zana a allo ga ɗalibai, ya san kowace kwana da kowane tudu nata amma bai taɓa taka ta ba. Alƙali ya riga ya kama bakin igiya. Auta ya buɗe baki da niyyar ya faɗa, sai ya ga tsohon a zaune a bakin gado, cokali a hannunsa mai lafiya, yana kallon ƙofa kada a ji shi. Ya tuna kuma cewa shi ma bai taɓa sato masa ba, don tsoron wannan fuskar da ke bayan gilashi. Yanzu ana so ya sake ɗaura jan zare a kan ruwan banza, ya miƙa mata ta sha.

"Bai kamata in faɗa a nan ba, Yaya," ya ce. "Amma ya faɗa."

Gilashin ya hau a hankali har ya rufe.

Usur ya yi ƙara. Alƙalin ya zo da kansa, ya ce Malam ka yi haƙuri, ya cire masa lambar da ke ƙirjinsa, allura bayan allura, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Auta ya tsaya a rana, gorar na hannunsa, ƙafafunsa lafiya lau, har sai da mijin Yaya ya buɗe masa ƙofar baya ya ture akwatin ƙanƙara gefe.

Motar ta juya ta nufi gari. Suka wuce karen, yana nan inda yake, suka wuce shagon walda. Gwiwar dama ta fara yi masa zugi kamar ta san an gama da ita. Gishiri ya bushe fari a kan baƙar rigarsa, layi-layi, ya zauna yana kallonsa yana jin zuciyarsa na tafasa ba tare da ya san a kan wa zai juye ta ba.

Da suka kusa wurin wankin mota, Yaya ta miƙa hannu ta rage sanyin motar. Ba ta waiwayo ba. Ta ce wa mijinta ya rufe tagar baya, Auta jiƙe yake da gumi, mura za ta kama shi.