Katin Debbie

Ranar Alhamis ce, ranar Zumuntar Mata, kuma Keturah ta makara. Daga ɗan asibitin da take aikin jinya a unguwar Gwadabawa da ke Jimeta ta hau keke napep, a cikinsa ta ɗaura zanen zumunta a kan fararen kayan aikinta. Da ta isa coci sai ta tarar an toshe tagogi da barguna, janareto na ruri a baya, an kafe farin zanen gado a jikin bango. Yau ba waƙa, ko tulu da caki ba a fito da su ba. Majigi za a nuna.

Adda Edith ce a gaba, riƙe da makirfo. Yayar mijin Keturah ce, ita ce kuma shugabar makarantar Lahadi ta yara. Ranar Litinin mai zuwa za ta kwashi yara arba'in zuwa zangon addu'a na kwana biyar a bayan gari, kuma sunan Debbie, 'yar Keturah mai shekara bakwai, shi ne na farko a takardar.

"Wani ɗan'uwa ne ya turo mini wannan," in ji Edith. "Ku buɗe ido ku ga yadda Turawa ke renon yaransu cikin Ubangiji. Mu muna nan muna raba musu biskit."

Aka yi dariya. Keturah ta samu gefen benci ta zauna.

Fim ɗin da Turanci yake, Edith tana fassarawa. Wani zango ne a can ƙasar waje, yara ƙanana cike da babban ɗaki, wasu ko haƙoran gaba ba su gama fitowa ba. An ba kowane yaro kati, ya rubuta sunan wani nasa da bai karɓi Yesu ba. Sai aka fita da su fili, aka hura wuta, wani mutum mai jan wuya ya sa suka matso har zafin ya taɓa fuskokinsu. Ya ce su ɗaga katin sama. Ya ce duk wanda sunan da ke hannunsa ya ƙare a irin wannan wutar, shi za a tambaya.

Yaran suka fashe da kuka, wasu suka zube ƙasa.

"Amin!" in ji wata a baya. "Ku ga Ruhu!"

"Kai, 'ya'yan nan sun ji daɗi," in ji ta kusa da Keturah, tana share ido da bakin zane.

Maman Manasseh, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a zumuntar, ta buga sandarta a ƙasa. "Edith, yaran nan ba su da uwaye ne? Mu a gindin tsamiya aka koya mana waƙa a Numan. Ba wanda ya gasa mu kamar masara, ga mu nan har yau muna zuwa coci."

"Mama, zamaninku Shaiɗan da ƙafa yake yawo," in ji Edith. "Yanzu a cikin waya yake."

Aka sake dariya.

Keturah ba ta yi dariya ba. Idonta na kan wata 'yar yarinya a gefen hoton, mai jan takalmi. Yarinyar tana kuka, sai ta ɗan tsaya, ta saci kallon mutumin, kamar tana tambaya ko kukan ya isa. Da ta ga bai dube ta ba sai ta ƙara ƙarfi. Keturah ta san wannan kallon. A gidanta take ganinsa, sati uku ke nan, duk sanda aka zo addu'ar cin abinci.

Can wajen ƙarshe aka nuno wata mata babba zaune a kicin ɗinta, tana murza yatsu. Keturah ta yi karatun jinya da Turanci, ba ta buƙatar fassara. Matar ta ce tana cikin yaran irin wannan zangon shekara ashirin da suka wuce. Ta ce sunan kakanta ta rubuta, ya mutu a shekarar, kuma har yau in ta ji warin hayaƙi sai ta yi amai.

"Wannan shaida kawai take bayarwa," in ji Edith, ta rage muryar fim ɗin, sannan ta kashe na'urar. "Lokaci ya tafi. To kun gani. Kati mun riga mun fara a aji. Itacen wuta ya rage, kowace uwa ta kawo ɗauri ɗaya."

Nan Keturah ta gane abin da ya faru. Waɗanda suka ɗauki fim ɗin don su nuna ɓarna suka yi shi. Adda Edith kuma ta ɗauke shi littafin koyarwa.

A hanyar komawa gida a Shagari Low Cost ta riƙa jera abubuwa a ranta yadda take jera alamun ciwo a wurin aiki. Debbie ta daina fitsarin kwance tun tana shekara uku, yanzu kusan kullum da safe sai an wanke zanen gado. Siket ɗin makaranta ya fara zame mata. Sai kuma maganar kwano.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan Sakinatu, matar wani mai sayar da yadi a babbar kasuwar Jimeta. Shekara shida kwano na kai da kawo tsakanin gidajen biyu. In Sakinatu ta yi masa ta aiko, in Keturah ta dama kunun gyaɗa ta mayar, kwano ba ya komawa wayam. Debbie da Naziha, 'yar Sakinatu, su ke ɗaukarsa, sau da yawa ma a hanya suke raba abin da ke ciki. Sati uku da suka wuce Keturah ta tarar da masa shida a bayan tankin ruwa, tururuwa ta rufe su. Ta ɗauka faɗuwa suka yi yarinya ta ji tsoron faɗa. Tun ranar Debbie ta ƙi kai kwanon, kullum da dalilinta, Keturah kuma aiki ya sha kanta. Kwanon na nan a kan kantar kicin.

Ta tarar da Debbie a baranda, ba ta wasa, tana zaune kawai.

"Zo nan, uwata. Goggo Edith ta ba ku kati?"

Yarinyar ta dafe aljihun rigarta.

"Ba ƙwacewa zan yi ba. Gani kawai."

Kwalin sabulu ne aka yanka. Da fensir, da manyan baƙaƙe masu karkata, an rubuta Naziha.

"Goggo ta ce in ba ta tuba ba, ni Yesu zai tambaya," in ji Debbie. "Na gaya mata sau huɗu, Mama. Ta ƙi. Ta ce ni ce zan shiga wuta. Kuma na ci masarsu da yawa a da. Ban sani ba."

Keturah ta jawo ta jikinta. Ta ji ƙasusuwan bayanta ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunta.

Da mijinta Philemon ya dawo daga sakatariya ta bar shi ya ci abinci tukuna, sannan ta ce, "Baban Debbie, yarinyar nan ba za ta zangon ba."

Ya ajiye kofin ruwa. Ta ba shi labarin fim ɗin, da katin, da zanen gado. Ya saurara har ƙarshe, yana kallon tabarma.

"Na ji," ya ce. "Amma kin san Adda ce ta goya ni bayan rasuwar mamanmu. Ban taɓa ce mata a'a ba. Kwana biyar ne fa kawai."

"Sati uku ya yi mata haka. Da wuta a gabanta me kake so in karɓa ranar Juma'a?"

"Ni dai ba zan iya faɗa mata ba."

"Ban ce ka faɗa ba. Kada dai ka ce ba da saninka ba ne."

Ya tashi ya je yana duba tayar babur ɗinsa, wadda ba abin da ya same ta.

Ranar Lahadi bayan sujada ta samu Edith a ɗakin yara tana lissafa ɗaurin itace. Ta rusuna ta gaishe ta yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Edith ta ɗago kai. "Wa ya zuga ki? Matar nan ta maƙwabta?"

"Ba wanda ya zuga ni, Adda. Fim ɗinki ne. Matar da kika kashe wa murya, kin ji abin da ta ce?"

"Na ji. Turancina bai kai naki ba, amma na ji. Ba ga ta nan da ranta ba? Amai kawai take yi." Muryarta ta sauka. "Ni na yi wa Zadok laushi, Keturah. Ban taɓa tsorata shi ba. Na ce yaro ne, zai gane da kansa. Ke kika wanke shi a asibitinku, kin ga abin da ƙwaya ta bari. Gara yaro ya ji tsoro yana raye."

Keturah ta tuna Zadok, ɗan Edith tilo, da ya rasu yana shekara goma sha tara. Ta so ta kama hannun matar, amma ta san in ta kama ba za ta iya ƙarasawa ba.

"Adda, ni ma ina so ta san Yesu. Ni nake karanta mata Littafi kullum. Amma shekararta bakwai. Igiyar takalminta ma ni nake ɗaure mata, ba za ta iya ɗaukar ran mutum ba."

"To. 'Yarki ce." Edith ta ɗauki biro ta ja layi a kan sunan farko, a hankali, har takardar ta huje. "Ranar da za ki neme ni, Allah ya sa ina nan."

Kafin Keturah ta kai bakin ƙofar coci labari ya riga ta. Mata biyu da suke zama benci ɗaya suka amsa gaisuwarta ba su dube ta ba. Maman Manasseh ce kaɗai ta taɓa kafaɗarta da za ta wuce.

Litinin da safe aka tashi da yayyafi. Keturah ta nemi hutun kwana ɗaya. Debbie ta riga ta haɗa jakarta da kanta, har da ɗan cokalinta, ta tsaya a bakin get. Sau uku uwar ta gaya mata ba za ta ba, ba ta yarda ba sai da motar cocin ta wuce ta bakin layinsu, yara na waƙa, itace ɗaure a samanta. Ba ta tsaya ba. Debbie ba ta yi ihu ba. Ta bi motar da ido har ta sha kwana, sannan ta juyo ta kalli uwarta, irin kallon da ake yi wa marar lafiya.

Keturah ta dama kunun gyaɗa, ta cika kwanon Sakinatu, ta rufe.

"Zo mu kai."

Debbie ta biyo ta har bakin ƙofar, ta toge a nan.

"A'a, Maman Debbie, yau da kanki?" in ji Sakinatu, tana karɓa. "Har na ce kwanon nan ya yi aure a gidanku."

"Ki yi haƙuri, Maman Naziha. Akwai maganar da ya kamata in zo tun tuni."

"Na sani. Naziha ta zo mini da kuka, sau biyu." Sakinatu ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Ita ma abin da ta mayar wa Debbie ba a gidan nan ta ji shi ba. Na ja mata kunne. Yara ne, abin da aka zuba musu shi suke zubarwa."

Naziha ta fito daga ɗaki da 'yar tsana a hannu. Ta ga Debbie, ta tsaya. Suka kalli juna ta tsakanin ƙofar, ba wadda ta matsa. Can Debbie ta juya ta koma gida.

Keturah ta same ta a baranda, durƙushe, fensir a hannu, katin a kan gwiwarta. A ƙarƙashin sunan Naziha an ƙara wani. Mama.

Ta zauna a ƙasa kusa da ita, kan simintin da ke da danshi.

"Debbie, ba ni katin nan in riƙe miki. Wannan kayan manya ne. In Yesu ya tambaya, ni zan amsa."

Yarinyar ta girgiza kai. "Goggo ta ce ba a ba wa wani." Ta mayar da shi aljihu, ta dafe da hannu biyu. "Kada ki ji tsoro, Mama. Zan yi miki addu'a sosai."

"To," in ji Keturah. "Gobe zan sake tambayarki."

Ruwan ya ƙaru. Ta tuna zanen gadon da ta shanya da safe, ta tashi da sauri ta kwaso shi, bai bushe ba. Ta rataye shi a kan ƙofar ɗaki, ta ɗauko wani, ta shimfiɗa leda a kan katifar yarinyar kafin ta rufe ta da shi.