Garejin Badaru a Kwari

Butulci ciwo ne da mai shi ba ya jin zafinsa sai ya kayar da shi. Ni Shu'ibu bakanike na gani da idona, a garejina da ke hanyar Malam Madori.

Shekara shida Badaru yana hannuna. Ni na koya masa riƙon sifana, kwano ɗaya muke ci. Saura damina ɗaya in yaye shi yadda aka yaye ni: in tara makanikan Hadejia, in ba shi akwatin kayan aiki, a sa masa albarka. Ashe ya daɗe yana zagaya masu motocina yana cewa idon tsoho ya mutu, shi ke aikin, ni sai zaman benci. Ranar wata Asabar na zo na tarar babu shi. Babu kuma akori-kurar Alhaji Yunusa mai jigilar shinkafa daga Kafin Hausa, mutumin da na yi shekara ashirin ina wa gyara.

Na bi shi har filin da ya kama a kwari, ta wajen kogi.

"Badaru, ko sallama babu?"

"Baba, ai kaza in ta girma ita ke wa kanta tono."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma wurin nan hanyar ruwa ce. Ka taɓa tambayar abin da ya sa ba wanda ya kafa rumfa a nan?"

Ya yi dariya. "Tsoro ne irin na mutanen da, Baba. Ga fili a arha."

Na ce arha ba ta ado, na juyo.

Damina ta yi nisa, kogi ya cika ya tumbatsa. Kwana huɗu motoci uku suna tsaye a cikin ruwa a garejin Badaru, har da ta Alhaji. Akwai abin da nake koya wa yaro a daminarsa ta ƙarshe, don sai ruwa ya kawo mana motar ake nunawa: motar da ta sha ruwa ba a murɗa mata makulli. Sai an cire fulogai, an zubar da baƙin mai, an fitar da ruwan da ke cikin inji. Badaru bai tsaya ya ga wannan ba.

Da ruwa ya janye, Alhaji ya zo ransa a ɓace. Badaru ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarta lau, bari ka ji da kunnenka." Ya murɗa. Inji ya yi ƙara ɗaya ya buga. Don ya wanke kansa ya gwada mota ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Washegari Alhaji ya sa aka jawo akori-kurar zuwa wurina, yana ta sunkuyar da kai. "Malam Shu'ibu, na yi kuskure." Na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma a shigo da ita. Badaru kuwa bai zo ba, ni ma ban aika ba.

Ga abin da ya rasa. Inji biyu sun mutu a hannunsa a gaban shaidu. Rumfarsa ta bi ruwa, 'yan kayan aikinsa ƙungiyar makanikai ta karɓa ta ba masu motocin. Akwatin da na tanadar masa na ba wani. Yanzu facin taya yake yi a bakin tasha, kuma duk Hadejia ba mai ba shi ko fulogi ya wanke.