Guduma da Taɓarya

Yisa ya sake sauke guduma a kan farantin ƙarfe, Sharifa kuma ta ƙura wa kwamfuta ido a inuwar kaɗanya. Tun safe suka kafa ƙananan na'urori ashirin da huɗu a jere cikin gonar doya, a wani ƙauye kusa da Gwada. Kowace na'ura da layinta a allo. Yana miƙe, sai girgizar guduma ta iso ya karkace. Aikin Sharifa shi ne ta ɗiga alama daidai inda ya fara karkacewa. Da haka ake gane zurfin dutse, a san ko za a haƙa burtsatse.

Alamominta sun ce dutsen yana zurfin mita biyu kacal, babu ruwa. In ta rubuta haka, gobe motar haƙa wani gari za ta wuce.

"Injiniya, kafaɗata ta mutu fa," in ji Yisa. "Rubuta mu koma Minna."

Sharifa ta sake duba allon. Ta lura na'urorin nesa, na wajen gidaje, suna riga na kusa da guduma motsawa. Ta tuɓe takalmi ta taka ƙasa. Can ta ji shi a tafin ƙafa: dum, dum-dum.

Ta bi shi har gidan Mama Rachael, shugabar matan ƙauyen. Turmi biyu, mata huɗu.

"Sannunku da aiki, Mama." Sharifa ta nuna turamen. "Turminku ne yake shiga na'urata."

Matan suka kwashe da dariya.

"Turmi a kwamfuta?" in ji Mama. "Sakwaran ku ne fa muna daka. Idan ya huce, gudaji ne."

"Minti goma kawai. Ina so in ji ruwanku."

Mama ta dubi jarkokin da suka ɗauko daga rafi da safe, sannan ta juya ga ɗaya daga cikin masu dakan. "Mary, ajiye taɓarya."

Gari ya yi tsit. Yisa ya buga. Layukan suka kwanta lif, sannan suka karkace ɗaya bayan ɗaya, daga guduma zuwa gidaje. Sharifa ta ɗiga alamominta, ta lissafa sau biyu. Mita ashirin da biyu, ga ruɓaɓɓen dutse mai riƙe ruwa a sama. Ta rufe baki da gyale, dariya na ƙwace mata.

Da aka kawo sakwarar, Yisa ya kai loma ya yamutsa fuska. "Mama, wannan ai tsakuwa ce."

"Kar ka duba ni. Injiniya ne ya daka."

Sharifa ta suɗe kwanonta tas, ta miƙa a ƙara mata.